Ƙaiƙayi a Gurmin Cindo

Ranar da ƙaiƙayi ya fara zubowa daga cikin gurmin Cindo, mutum ya fi ɗari a wurin, saboda haka kada wani ya ce shaci-faɗi nake yi. A filin kokawar Tungar Marke ne, da la'asar sakaliya. Cindo ya rungumi gurminsa, ya ɗauko waƙar nan tasa da kowa ya haddace tun yana goye, sai ga wani abu fari-fari yana tsiyaya daga ƙoƙon yana sauka a kan babbar rigarsa. Ya girgiza, abin ya ƙara zubowa. Ƙaiƙayin gero ne zalla, babu ƙwaya ko ɗaya a ciki, alhali ƙoƙon nan ya shekara talatin ba a ɗaga fatarsa ba. 'Yan amshinsa suka yi maza suka ce alamar albarka ce, jama'a suka yi tafi. Cindo dai ya kakkaɓe rigarsa ya koma gida.

Shi Cindo da yatsa shida aka haife shi a hannun dama, kamar yadda sunansa ya nuna. Wanzami ya zo zai yanke ɗan ƙaramin, kakarsa ta ce bai isa ba. Da ya girma ya kama gurmi, sai gari ya ɗauka cewa baiwarsa a cikin wannan yatsa take, shi ma ya yarda, har lalle yake sa masa. A zamanin ƙuruciyarsa kuwa, kai, waƙa ba ta ba shi wuya. Ya tashi da wata da safe, kafin azahar wata ta ture ta. Manoma a wurin gayya su yi ta sara ƙasa har su manta da yunwa, 'yan kokawa su yi ta tsuma. Daga baya aka naɗa shi Sarkin Kiɗa, ya bar ɗan gidansu na bakin gari ya gina mai katanga da zaure biyu, ya tara 'yan amshi. To, daga nan ne abin ya fara ja da baya, har aka yi shekara bakwai cur bai yi sabuwar waƙa ba. Sai dai ya ɗauko tsohuwa, ya cire sunan wane ya sa na wane. Mutane ba su daina tafi ba, amma shi ya san abin da yake ciki, kuma abin yana cin ransa.

Matarsa Marka tana kwance tun farkon damina da ciwon ƙirji. Shekararsu arba'in tare, 'ya'ya uku suka haifa, Allah bai bar musu ko ɗaya ba. Da ya shigo ranar nan ta dube shi, ta ga ƙaiƙayi a gemunsa.

“Sarkin Kiɗa,” in ji ta, don haka take kiransa in tana jin tsokana, “yau sussuka ka je yi?”

Ya yi murmushin dole, ya zauna a bakin gado.

Ta ce, “Ina da magana. Ka yi wa mahauta waƙa, ka yi wa 'yan kokawa, har jakin Sarkin Pawa ka yi wa. Ni fa? Shekara arba'in ina dama maka fura.”

“Haba Marka, ai dukkansu naki ne.”

“Kada ka yaudare ni, Maigida. Ba na son wadda za ka cire sunan wani ka sa nawa, na san su duka. Tawa nake so, sabuwa fil, in ji ta da kunnena kafin in tafi. Jikina ya gaya mini ba zan ga kaka ba.”

Cindo ya ji kamar an soke shi. Ya ce mata in Allah ya yarda za ta ji. Kwana uku yana zaune a zaure na ciki, ya sallami 'yan amshi, yana ta murɗa tsirkiya. Duk abin da ya taɓo sai ya tarar nasa ne na da. Ƙaiƙayi kuwa ya taru a gabansa har ya rufe masa ƙafafu.

A rana ta huɗu da tsakar rana, lokacin da gari ya yi tsit kowa ya nemi inuwa, ya ji ana shara a gabansa. Ya ɗaga kai, sai ga wata tsohuwa, tsawonta bai wuce turmi ba, tana tattara ƙaiƙayin cikin faifai, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa.

Ya yi ta'awizi, ya ce, “Baiwar Allah, mutum ko aljan?”

Ta ce, “Aminci gare ka, ɗan Adam. Ni mai shiƙa ce daga Ƙasar Amo. Ƙaiƙayin namu ne, na zo kwashewa.”

“Me ya kawo ƙaiƙayinku cikin gurmina?”

“Kowane makaɗi yana da gona a ƙasarmu. Abin da gonar ta yi, shi muke sussukewa mu shiƙe mu aiko masa. Taka ta shekara bakwai ba ta ba da ƙwaya ba. Mun yi ta aiko maka da ragowar tsohon rumbu, yanzu shi ma ya ƙare, abin da ya saura ke nan.”

Cindo ya miƙe tsaye. “Ina hanyar ƙasar taku?”

Tsohuwa ta juya ta dubi ƙofar cikin gida, inda tarin Marka yake fitowa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, “Hanya ka tambaya?”

“Hanya na tambaya.”

“To, hanya zan gaya maka. Ka je tsohon gidanku na bakin gari, ka hau rumbun da kuka bari, ka sauka ciki. Kada ka zauna inda aka yi maka shimfiɗa. Abin da aka nema a bakin ruwa kuma ka bayar.” Ta ɗauki faifanta, ya neme ta ya rasa.

Wayyo Cindo! Da ya tambaye ta abin da ya kashe gonar, da a nan zaure za a gama magana. Amma mutumin da ya saba a kira shi gari-gari, ai gani yake duk abin kirki a nesa yake.

Ya shiga ya gaya wa Marka zai yi tafiya ya samo mata waƙarta. Ta kama bakin rigarsa.

“Zauna mana, Maigida. Ko ba waƙar, ka zauna.”

“Kwana uku kacal. Na yi miki alkawari, ba zan dawo hannu rabbana ba.”

Ta sake shi. Ya kira maƙwabciyarsu Gwamma, ƙawar Marka tun suna 'yan mata, ya bar mata amanar jinya. Gwamma ta ƙulla masa curin fura a tsumma, tana harararsa, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai barin mara lafiya ya tafi farautar waƙa ba. Ya rataya gurminsa ya fita.

Rumbun nan yana nan inda suka bar shi, jinkarsa ta zube. Ya hau, ya zura ƙafafu, ya saki jiki. Maimakon ya dira a kan ƙasa sai ya yi ta tafiya, yana zamewa cikin ƙaiƙayi mai ɗumi, har ya faɗo a bakin wani kwari. Babu rana a sama, amma ko'ina haske. Bai gama kakkaɓe jiki ba sai ya ji guɗa da tafi sun cika wurin, ana kiran sunansa.

Wasu halittu ne suka fito, bakunansu har kusa da ƙeya, tafukan hannunsu kamar faifai, kowanne ya naɗa rawani ya rufe gefen kansa. Babbansu ya durƙusa.

“Barka da sauka, Cindo mai yatsa shida, wanda babu kamarsa a gabas, babu a yamma! Ni ne Sarkin Tafi, wannan Kwarin Amshi ne. Tun ba a haife ka ba muke jiran ka. Ga shimfiɗa.”

Cindo ya tuna gargaɗin tsohuwa sarai. Ya ce, “Ranka ya daɗe, sauri nake yi, matata ba ta da lafiya.”

Suka amsa gaba ɗaya, “Gaskiya ne! Daɗin bakinka, Cindo!”

Ya ce a ransa, ai ba zama zan yi ba, waƙa ɗaya zan yi musu a tsugune don kada a ce na yi wulaƙanci. Ya tsuguna a bakin shimfiɗa. Da ya kaɗa tsirkiya, kwarin ya ɗauka kamar zai tsage. Rabon da a yi masa irin wannan sowa tun zamanin ƙuruciyarsa. Tsugunno ya koma zama, zama ya koma kishingiɗa. In ya gama waƙa su ce a sake, ya sake, su faɗi suna birgima. Kada ku yi saurin zarginsa. Wanda ya shekara bakwai yana jin kunyar kansa, aka ce masa shi ne gwanin duniya, ba kowa ne zai iya tashi ba.

Yana cikin haka tsirkiya ɗaya ta tsinke, ta yi wata mummunar ƙara, ƙaiƙayi ya shaƙe shi ya kama tari. Sai ya ji sowa ta fi ta da.

“Gaskiya ne! Ba a taɓa yin irinta ba! A sake!”

Cindo ya yi sororo. Ya miƙa hannu ya fizge rawanin Sarkin Tafi. Inda kunne ya kamata ya kasance, fata ce sumul. Ya fizge na wani, haka. Ashe duk kwarin nan babu mai kunne ko ɗaya, motsin bakinsa kawai suke kallo. Ya zaro furar Gwamma don ya jiƙa maƙogwaro, ya tarar ta bushe ta zama dutse. Nan ya gane ya daɗe ƙwarai a wurin. Ya ƙulla tsirkiyarsa ya zura da gudu, suna bin sa da tafi suna yaba gudun.

Da ya fita daga kwarin sai ya shiga wani fili cike da suri, ja-ja, ya fi dubu. Abin mamaki, kowane suri yana fitar da amo can ƙasa-ƙasa, wannan na goge, wancan na kalangu, kowanne yana maimaita waƙa ɗaya tak. A bakin filin ya tarar da wani dattijo da gara ta gine shi har ƙirji, hannuwansa kawai suke waje yana goga gogensa.

Cindo ya yi sallama ya ce, “Baba, me ya same ka haka?”

Dattijon ya ce, “Abin da ya kawo ka shi ya kawo ni. Gonata na zo dubawa. Mai jirgin kogin da ke gaba ya ce kafin ya haye da ni, sai na ba shi waƙar nan da nake kaɗawa, in bar ta har abada. Ka ji fa! Waƙar da ta fitar da sunana, wadda in na shiga gari ita ake fara roƙo. In na ba da ita, ni wane ne? Na ce bari in zauna in ɗan ƙara jin ta tukuna, gobe in bayar.”

“Tun yaushe ke nan?”

“Ai jiya-jiyan nan ne,” in ji dattijon, gara tana hawa wuyansa.

Cindo ya so ya fasa surin ya ciro shi, dattijon ya daka masa tsawa ya ce zai ɓata masa kiɗa. Cindo ya bar shi ya wuce yana hawaye.

Gaba kaɗan sai ga kogi, faɗinsa ido ba ya kai wa ƙarshe, yana gudu da ƙarfi amma ko ɗigon ƙara babu. A bakinsa wani dogon aljani yana tsaye, tsayinsa kamar giginya, jirginsa rabin ƙwarya ce babba.

“Aminci gare ka, ɗan Adam. Ni ne mai jirgin Kogin Shiru. Kwana talatin da uku ina hango ka kana yi wa kurame wasa.”

Cindo ya dafe kai. “Talatin da uku? Inna lillahi! Ranka ya daɗe, haye da ni, don Allah.”

“Ba a hawa jirgina da abin taƙama, nutsewa yake yi. Me kake taƙama da shi?”

Cindo ya tuɓe babbar rigarsa ya jefa a ruwa, kogin ya tofo ta waje. Ya kwance rawanin sarauta ya jefa, ya tofo shi. Mai jirgi ya zuba wa hannunsa na dama ido. Cindo ya ɓoye hannun a bayansa.

“Ranka ya daɗe, in na ba da wannan, da me zan yi mata waƙar? A nan baiwata take.”

“Ga fili can, akwai sauran wuri kusa da mai goge.”

Cindo ya tuna hannun Marka a bakin rigarsa. Ya miƙa hannun ya kau da kai. Mai jirgi ya zaro aska, ya shafce yatsan, ya jefa a kogi, ruwa ya haɗiye. Zafi ya kai Cindo ƙasa. Da ya farfaɗo suna tsakiyar ruwa, mai jirgi ya ce masa, “Taɓa gurminka.”

Ya taɓa da yatsu biyar. Amon bai ragu da komai ba, bai ƙaru ba.

Mai jirgi ya ce, “Shekara nawa kana sa wa ɗan guntun nama lalle? Bai taɓa yi maka waƙa ba, bai kuma taɓa hana ka ba.”

Kwana shida suka yi a kan ruwan nan, babu abin da ake ji sai numfashin Cindo. Tun da ya zama Sarkin Kiɗa bai taɓa zama cikin shiru irin wannan ba. A nan ne ya lura kunnuwansa sun fara buɗewa, har yana jin bugun zuciyarsa, yana kuma lissafa kwanaki yana kuka.

A rana ta arba'in da barinsa gida suka kai gaci. Gonaki ne iya ganin ido, wasu kore shar, wasu sun bushe. Wata mace ta tare shi, doguwa, baƙa, gashinta zangarniyar gero, da fartanya a kafaɗa. Tsohuwar nan mai faifai tana biye da ita.

Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa. “Ranki ya daɗe, ni ne Cindo na Tungar Marke. Gonata ta mutu, matata tana bakin mutuwa, na yi mata alkawarin waƙa. Iri na zo roƙo, ko ƙwaya ɗaya.”

Ta ce, “Tashi, ɗan Adam. Ni ce Uwar Gona. Mu noma muke yi, mu girbe, mu shiƙe. Iri ba namu ba ne, ba mu taɓa ba wa kowa ba. Biyo ni.”

Suka ratsa ta wata gona duk ramuka. Ta ce mai ita tun da aka yabe shi sau ɗaya tsoro ya kama shi, duk abin da ya tsiro sai ya tone ya duba ko ya kai na bara, har ya kashe su duka. Suka wuce wata da ƙuduji ya cinye, ta ce wannan abin da masu ba shi riguna suke so shi kaɗai yake shukawa, shekara da shekaru, har ƙasa ta gaji. Cindo bai tsaya tambaya ba, hankalinsa yana kan tasa.

Da suka iso, ya ga gona ce babba, ƙasarta ta ƙeƙashe kamar daɓen ɗaki, sai tsofaffin karare a tsaye. Uwar Gona ta karyo ɗaya ta miƙa masa.

“Iri daga duniyarku yake faɗowa. In makaɗi ya ji wani abu da kunnensa har ya taɓa zuciyarsa, ƙwaya ta faɗo nan, ƙasa ta buɗe ta karɓa. Kowane kara yana riƙe da amon da ya haife shi. Sa a kunnenka.”

Ya kara a kunne. Sai ya ji gurzar dutsen niƙa, da muryar wata yarinya amarya tana rera wani abu a hankali don ta rage wa kanta wahala. Muryar Marka ce. A cikin rerawar nan kuwa ga karin waƙar gayyar da ta fara fitar da sunansa, ɗaya bayan ɗaya. Ya jefar ya karyo wani da kansa. Marka ce tana kiran awaki da yamma. Ya karyo wani. Marka ce tana kuka ƙasa-ƙasa a bayan ɗaki ranar da suka binne ɗansu na biyu, kuma wannan kukan shi ne waƙar da take sa manyan 'yan kokawa share hawaye. Akwai na kasuwa, akwai na maƙera, akwai na masu ɗiban ruwa a rijiya, amma cikin kowane goma, bakwai nata ne. Shi kuwa duk zamanin nan yana cewa daga yatsa ne.

Uwar Gona ta nuna masa wani guntun kara a bakin gona, wanda bai yi zangarniya ba. “Wannan ne na ƙarshe.”

Ya sa a kunne, ya ji muryar kansa, ranar da suka tare a sabon gida. “Matar Sarkin Kiɗa ba ta niƙa. Kin huta, Marka. A bar dutsen nan a tsohon gida. Kuma ki rage waƙe-waƙen nan, akwai baƙi a zaure, kada a ji.”

Ni na san ba da mugunta ya faɗa ba. Rabi tausayi ne, don ya ga yadda niƙa ta cinye mata hannu, rabi kuma girman kai. Ta bi maganarsa ta yi shiru. Shi kuma ya koma zaure, katanga biyu tsakaninsa da ita, ya zauna cikin masu ce masa gaskiya ne. Kasuwa ma ya daina shiga da ƙafa, sai aike.

Yana tsaye da karan a hannu, sai ya ji wani abu ya faɗo a ƙasa, ƙwas. Ƙwayar gero ce, fara tas. Wata ta biyo, wata ta biyo. Kafin ya motsa, garken tsuntsaye ya sauko ya tsince su.

Ya ce, “Ranki ya daɗe, wannan fa?”

Tsohuwa mai faifai ce ta amsa. “Matarka ce. Tun ranar da ka fita take rerawa kowace safiya, da sunanka a ciki. Kai aka yi wa, shi ya sa suke faɗowa nan. Amma ba ka wurin ka ji, ƙasa ba ta buɗe ba. Kwana arba'in tsuntsaye suna ƙoshi a gonarka. Irin da ya zuba a nan ya isa ka waƙa har ƙarshen ranka.”

Cindo ya yi kururuwa ya afka cikin gonar, yana kora da hannu, yana jifa da duwatsu, yana rarrafe. In ya kore su nan su sauka can. Ya hango wata ƙwaya tana faɗowa, ya yi tsalle, wani tsuntsu ya riga shi, ya damƙe bakin tsuntsun ya ƙwato. Rabi ya samu. Ya ɗaga kai yana jiran ta gaba, hannu a buɗe.

Ba ta faɗo ba. Tsuntsayen suka ɗan yi tsalle-tsalle, suka dubi sama, suka tashi gaba ɗaya suka tafi.

Cindo ya daɗe a durƙushe. Can ya ce, “Ta gaji ne. Hutawa take yi.”

Uwar Gona ta sauke fartanyarta ta ajiye a ƙasa, ta ce, “Allah ya ba ka haƙuri, ɗan Adam. Ga rumbu can, shiga. Komawa ba ta da nisa.”

Ya fito ta tsohon rumbunsu da hantsi, ba riga, ba rawani, hannu naɗe da tsumma. Tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gidansa, mutane suna zaune. An riga an dawo daga maƙabarta. 'Yan amshinsa suka taso za su fara magana, ya ratsa su ya shige ciki.

Gwamma tana zaune a ɗakin Marka. A gefen gadon ga tsohon dutsen niƙa. Ta dube shi sama da ƙasa, ya ga alama ta tanadi maganganu masu zafi, amma da ta ga yadda ya koma sai ta haɗiye su.

Ta ce, “Ranar da ka tafi ta sa aka ɗauko mata shi daga tsohon gida. Ba ta da ƙarfin niƙa, sai dai ta ɗora hannu a kai ta yi ta rerawa. Na ce Marka, ki bar wahalar da ƙirjinki. Ta ce, bar ni Gwamma, mutumin nan bai taɓa yin waƙa ba sai ya ji ni, shi ne dai bai sani ba. In ya shigo yanzu ya ji, zai samu waƙar da zai yi mini, kada ya ji kunya.”

Cindo ya ce, “Ta sani?”

“Tun tana amarya ta sani.”

“Me take cewa a waƙar? Gwamma, don girman Allah, me take cewa?”

Gwamma ta share ido da gefen mayafi. “Muryar ta shige, ba na ji sosai. Kuma ni ba makaɗiya ba ce, ban riƙe ba.”

Ya zauna a ƙasa kusa da dutsen, ya kwance tsumman hannunsa, ya fito da rabin ƙwayar nan ya sa a kunne. Sai ga muryarta, siririya, a gajiye, amma da 'yar tsokanar nan tata a ciki:

“Mai gurmi, in ka dawo,
ajiye gurmin ka zauna kusa,
in gaya maka...”

Iyakarta ke nan. Sauran yana cikin tsuntsu.

Cindo ya rayu shekara tara bayan haka. Ya mayar da sarautar kiɗa, ya sallami 'yan amshi, ya koma ɗan gidansu na bakin gari da dutsen niƙan. Ƙaiƙayi bai sake zuba daga gurminsa ba. Kullum za ka gan shi a bakin rijiya ko a gindin bishiyar da mata suke daka, yana zaune shiru ya karkata kai, har ya sami 'yan waƙoƙi sababbi, ba laifi, mutane sun so su. Amma duk inda aka kira shi wasa, da wannan guntuwar yake rufewa. Ya kaɗa, ya rera layi ukun nan, ya kai “in gaya maka”, sai ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiya ya yi shiru.

Makaɗa da yawa sun zo sun ce ya bari su taya shi ƙarasa ta, don karin yana da daɗi, bai kamata a bar shi guntu ba. Wata rana ma Gwamma da kanta ta ce masa, “Malam Cindo, kai fa gwani ne. Ka sa mata ƙarshe mana, ka huta.”

Ya girgiza kai ya ce, “Ita ce za ta faɗa, Gwamma. Shekara arba'in ina katse ta. Wannan karon zan jira.”